Buddy Emmons da jitar da ake kaɗawa da hannu da ƙafa da gwiwa

Wanda ya tashi yana jin waƙoƙin kantiri na Amurka a rediyo, irin na su Don Williams da aka daɗe ana sakawa a tashoshin Najeriya, ya san wani sauti da ke biye da muryar mawaƙi. Mawaƙi na rufe baki sai ya taso, ya lanƙwashe sama, ya ɗan yi rawa, sannan ya gangaro ba tare da ya yanke ko sau ɗaya ba. Mutane da yawa suna ɗauka gogen Turawa ne, wasu su ce fiyano ce ta lantarki. Ko ɗaya ba haka ba ne. Wani abin kiɗa ne mai zaman kansa da Amurkawa ke kira fedal sitil, wato jita mai feda, kuma a cikin duk waɗanda suka kaɗa ta babu wanda 'yan sana'ar ke ambata da girmamawa kamar Buddy Emmons.

Abin da ya sa aikinsa ya cancanci a zauna a yi masa fashin baƙi shi ne, mutumin ya haɗa abu biyu da ba kasafai ake samunsu a wurin mutum ɗaya ba. Makaɗi ne, kuma shi ya tsara yadda abin kiɗan nasa zai kasance. Yakan ji sauti a kansa, ya tarar jitar da ke gabansa ba ta iya fitar da shi, sai ya kifa ta ya sauya mata ciki har ta fitar. Saboda haka ba za a gane daɗin faya-fayansa sosai ba sai an san yadda jitar ke aiki.

Ita wannan jita ba a rungumarta a ƙirji. Doguwar akwati ce a kan ƙafafu 4, tsirkiyoyinta na kallon sama, makaɗi yana zaune a bayanta. Wadda ƙwararru suka fi amfani da ita tana da wuya 2, kowanne da tsirkiya 10. A ƙasa akwai jerin fedoji, galibi 8, waɗanda ƙafar hagu ke takawa. Akwai libobi 4 ko 5 da ke rataye a ƙarƙashin akwatin, gwiwoyi ne ke tura su hagu ko dama. Kowace feda da kowace liba an haɗa ta da siraran sandunan ƙarfe zuwa wasu zaɓaɓɓun tsirkiyoyi: wata ta ɗame tsirkiya sautinta ya hau, wata ta sassauta ta ya sauka, kuma da an saki sai tsirkiyar ta koma daidai inda take. Ƙafar dama tana da nata aikin daban, tana kan fedar da ke ƙara ko rage ƙarfin sauti.

Hannun dama yana sanye da faratan kiɗa 3, ɗaya a babban yatsa, biyu na ƙarfe a manuniya da na tsakiya. Hannun hagu kuwa ba ya danna tsirkiya da yatsu. Yana riƙe da wani mulmulallen guntun ƙarfe mai santsi da nauyi, shi ake ɗorawa a kan tsirkiyoyi ana zamar da shi. A nan wahalar take. A jitar da aka saba gani akwai 'yan ƙarafa kwance a wuya, in ka danna a tsakaninsu sauti ya fito daidai ko da yatsanka ya ɗan kauce. A wannan kuwa zane ne kawai aka yi a kan katako. In ƙarfen ya goce da kaurin tsinken ashana, duk wanda ke ɗakin zai ji an yi ɓatan hanya. Kunne ne alƙali, kuma dole ya yanke hukunci kafin mai sauraro ya lura.

Wanda ya saba da goge ko kukuma ba zai sha wuyar gane daɗin wannan ba. Mai goge shi ma ba shi da alamar da ta tsayar masa da yatsa, yana zamewa ne daga sauti zuwa sauti yana bin lanƙwasar muryar mai waƙa, shi ya sa ake jin kamar gogen na magana. Bambancin shi ne goge tsirkiya ɗaya gare shi, ita kuwa wannan jitar tana fitar da murya 3 ko 4 a lokaci guda, kuma makaɗi na iya motsa ɗaya daga cikinsu ya bar sauran a tsaye. Wannan motsin murya ɗaya a tsakiyar 'yan'uwanta shi ne sirrin kukan da ake ji.

Asalin abin daga tsibiran Hawayi ne. Wajen ƙarshen shekarun 1880 wani matashi mai suna Joseph Kekuku ya ɗora jita a cinyarsa ya riƙa zamar da ƙarfe a kanta, salon ya bazu a tsibiran, ya shiga Amurka da ƙarfinsa bayan babban baje kolin San Faransisko na 1915. A shekarun 1930 aka haɗa ta da lantarki, makaɗan Teksas da Okalahoma suka ɗauke ta. Sai dai tana da wani cikas. Ƙarfen miƙaƙƙe ne, duk inda ka kai shi haɗin sauti iri ɗaya zai ba ka, sai dai ya yi sama ko ya yi ƙasa. Makaɗa suka riƙa ƙara wuya, daga 2 zuwa 3 har 4, kowanne da saitinsa, wato yadda aka ɗaure sautin tsirkiyoyinsa. Daga baya aka kawo feda don a sauya saiti ba sai an sauya wuya ba. Maƙeri Paul Bigsby ya ƙera wa makaɗi Speedy West irin wannan a 1948. Amma a lokacin ana ɗaukar feda a matsayin makunni ne kawai: ka taka a ɓoye, sannan ka kaɗa, kada a ji lokacin da sautin ke sauyawa.

Bud Isaacs ne ya karya wannan al'ada. A ƙarshen 1953, a waƙar Webb Pierce mai suna "Slowly", ya taka feda tsirkiyoyi na cikin amo, aka ji sautin yana hawa a fili. Waƙar ta yi mako 17 a saman jadawalin kantiri a 1954, makaɗa a ko'ina suka ruɗe suna neman yadda aka yi, wasu har suka riƙa haɗa wa tsofaffin jitocinsu feda da wayar rataye riga da totur ɗin mota. Emmons yana da shekara 17 a lokacin.

An haife shi ranar 27 ga Janairu 1937 a garin Mishawaka na jihar Indiyana. Yana ɗan shekara 11 mahaifinsa ya saya masa jitar cinya mai tsirkiya 6, ya sa shi a makarantar koyon kiɗan Hawayi a garin da ke maƙwabtaka da su. Bai daɗe ba ya koma koyo daga faya-fayan Jerry Byrd da Herb Remington. A shekara 16 ya bar makaranta ya shiga kiɗa a gidajen rawa, har ya kai birnin Ditiroyit. A can mawaƙin kantiri Little Jimmy Dickens ya ji shi a 1955 ya ɗauke shi aiki, ya tafi da shi Nashbil, cibiyar kiɗan kantiri, yana ɗan shekara 18. Faya-fayan kiɗa zalla da ya yi da yaran Dickens, irin su "Raisin' the Dickens" da "Buddy's Boogie", sun nuna saurin hannu da tsabtar sauti da ba a saba ji daga yaro kamarsa ba.

Amma babban aikinsa na waɗannan shekarun ba a faifai ya fara ba, a ƙarƙashin jita ya fara. Ga yadda abin yake, da do-re-mi ɗin da aka koya mana a firamare. In ka kaɗa manyan tsirkiyoyin wuyan gaba ba ka taka komai ba, za ka sami do da mi da so tare, haɗi mai natsuwa, wanda kunne ke jin an zo gida. Fedar Isaacs guda ɗaya ce ke jan tsirkiya biyu lokaci guda: mi ya hau ya zama fa, so ya hau ya zama la. Sai ka sami do, fa, la, wani haɗin mai haske. Abu ne mai daɗi, amma hanya ɗaya ce tak: ka je, ka dawo.

A 1956 Emmons ya raba aikin wannan feda gida biyu. Feda ɗaya ta ɗauki so zuwa la, ɗayar ta ɗauki mi zuwa fa. Ga ido ƙaramin gyara ne. Ga kunne kuwa, ƙofofi ne suka buɗe. Taka ta farko kaɗai, ka sami do, mi, la, haɗin nan mai sanyaya jiki da ake waƙar baƙin ciki da shi. Taka ta biyu kaɗai, ka sami do, fa, so, haɗin da ke rataye, wanda kunne ke jira a sauke shi. Taka su tare, ka dawo ga na Isaacs. Mafi muhimmanci, tunda fedojin suna gefe da gefe, ƙafa ɗaya na iya kwanciya a kansu ta riƙa karkata daga idon sawu, ta saki ɗaya a hankali tana riƙe da ɗayar. Murya ɗaya ta gangaro, sauran suna tsaye suna jiranta. Kusan duk wani kukan jita mai feda da aka ji a waƙar kantiri tun daga lokacin, daga wannan karkatar ƙafa ya fito.

Adalci ne a ce ba shi kaɗai ya ga wannan hanya ba. Abokinsa Jimmy Day ya raba tasa fedar a daidai wannan lokaci, sai dai ya jera su a juye, wadda Emmons ya sa a hagu shi ya sa ta a dama. Har gobe in mutum zai sayi sabuwar jita, maƙeri zai tambaye shi: jerin Emmons kake so ko na Day? Mafi yawa na Emmons suke zaɓa. Wanda ke son jin sabon salon tun yana ɗanye sai ya nemi "Half a Mind" ta Ernest Tubb ta 1958, bayan Emmons ya koma ƙungiyar Tubb. Muryar Tubb mai kauri ce, ba ta da ado, tana tafiya a miƙe, jitar kuwa tana zagaye ta tana cike mata gurbi.

Bai tsaya nan ba. A 1962 ya ƙara wa saitin tsirkiya 2, masu ba da re da ti na sama. Da su, haɗe da fedojin nan, makaɗi na iya hawa tsanin sauti gaba ɗaya ba tare da ya motsa ƙarfen hannunsa ba, sautukan suna zuba a kan juna. Daga baya aka dawo da su can gefe, suka zama tsirkiya ta 1 da ta 2, ba a bin tsarin kauri, don kada su tare wa yatsu hanya in ana ɗaukar haɗin sauti. Wannan jeri na tsirkiya 10 shi ne ake koya wa kowane sabon shiga a yau. A ɓangaren ƙira kuma, shi da Shot Jackson suka kafa kamfanin Sho-Bud a tsakiyar shekarun 1950, sunan ma daga sunayensu biyu aka yanko shi. Da ya zo da sabon zanen da bai samu shiga a can ba, sai ya haɗa kai da Ron Lashley na jihar Karolina ta Arewa suka fara ƙera jita mai sunan Emmons a farkon shekarun 1960. Wuyanta na alminiyam ne, jikinta an lulluɓe shi da fomika, cikinta kuma sanda na jawowa in za a ɗaga sauti, tana turawa in za a sauke shi. Gyaranta na da wuya, shi ya sa maƙeran baya suka koma wani tsari mai sauƙi, amma har yanzu makaɗa na farautar tsofaffin saboda muryarsu.

To, duk wannan ƙarfe da sanduna, me aka yi da su? Amsar tana cikin shekarun da ya yi tare da Ray Price, daga 1962 zuwa 1967, inda ya gaji kujerar Jimmy Day. Price mawaƙi ne mai faffaɗar murya, mai jan sauti ya riƙe, kuma ƙungiyarsa makaranta ce: Willie Nelson da Roger Miller duk sun ratsa ta cikinta kafin su shahara. A 1963 Price da ƙungiyarsa suka ɗauki "Night Life", waƙar da Nelson ya rubuta ya sayar a kan dala 150 lokacin da yake cikin babu.

A ganina, in faifai ɗaya za a ba mutum don ya san waye Emmons, wannan ne. Bai kaɗa ta a wuyan gaba da aka san kantiri da shi ba. Ya koma wuyan baya, mai kauraran tsirkiyoyi da saiti na daban, wanda ke ba da haɗin sauti masu duhu irin na jaz. Tun daga buɗewa za ka ji ya ɗauki kiɗan ya bi da shi ta wasu lunguna da waƙar kantiri ba ta saba bi ba, haɗi bayan haɗi, kowanne kamar zai ɓata, sai ga shi ya dawo gida daidai lokacin da Price zai buɗe baki. Waƙar tana magana ne a kan mutanen da dare ya zame musu rana, masu zaman mashaya suna tuna abin da ya wuce, kuma jitar ta riga mawaƙin faɗin haka kafin ya furta kalma. Da Price ya fara, sai Emmons ya ja baya. Ba ya hawa kan kalma. Yana jira layi ya ƙare, ya amsa da gajeriyar jimla, ya yi shiru. Idan aka ba shi fili a tsakiya, ba ya gudu, yana jan kowane sauti har ya nuna, sannan ya sake shi.

Wannan haƙurin ne nake so mai sauraro ya kula da shi, domin mutumin da ya yi shi yana daga cikin mafi saurin hannu a zamaninsa. A wannan shekarar ta 1963 ya tafi birnin Niyok ya ɗauki faifan "Steel Guitar Jazz" a kamfanin Mercury, tare da gogaggun makaɗan jaz: Jerome Richardson a kan saksofon, Bobby Scott a kan fiyano, Art Davis a kan bes, wato abin kiɗa mai tsirkiya mai kaurin murya, Charlie Persip a kan ganguna. Suka kaɗa irin su "Oleo" na Sonny Rollins da "Cherokee", kiɗan da ake gwada masu busa da shi saboda gudunsa da yawan juye-juyensa. Ɗan shekara 26, daga ƙungiyar kantiri, da abin kiɗan da mutanen Niyok ke yi wa kallon na ƙauye, ya zauna ya bi su ƙafa da ƙafa. Faifan ba shi ne mafi daɗi a cikin ayyukansa ba. A wasu wurare kunnena na jin kowa na taka-tsantsan da ɗan'uwansa, ba su saki jiki yadda ƙungiyar da ta daɗe tare ke yi ba. Amma bayan fitarsa, babu mai iya cewa jita mai feda kuka kaɗai ta iya.

Akwai abubuwa ƙanana da ke bambanta shi, waɗanda sai an kasa kunne da kyau. Na farko fedar ƙarfin sauti. Sabon shiga yakan yi ta lilo da ita, kowane sauti ya kumbura ya sace. Emmons yakan bar ta a tsakiya, ya kaɗa tsirkiya da ƙarfi, sannan yayin da amon ke mutuwa ya riƙa danna ta kaɗan-kaɗan daidai gwargwadon abin da ke raguwa. Sai ka ji sautin ya tsaya cak a iska, bai ƙaru ba bai ragu ba, tsawon da tsirkiya ba ta da ikon yi da kanta. Sai kuma kashe sauti. Tunda tsirkiyoyin ba sa yin shiru da kansu, duk wadda aka kaɗa sai an kashe ta kafin ta gaba, ko da gefen tafin hannu ko da faratan, in ba haka ba kiɗa ya zama kwamacala. A guje-gujensa mafi sauri ma, kowane sauti na fita shi kaɗai da farkonsa da ƙarshensa. Rawar da yake sa wa sauti ita ma ba ya fara ta da wuri. Yakan bar sautin ya tsaya daidai tukuna, kunne ya tabbatar, sannan ya fara mirgina ƙarfen a hankali.

Da Price ya karkata ga manyan ƙungiyoyi masu gogen Turawa, Emmons ya bar shi a 1967, ya koma Kalifoniya. Abin mamaki, aikin da ya kai shi can kaɗa bes ne a ƙungiyar Roger Miller. Amma situdiyoyin Los Anjalis suka gano wanda ya shigo musu gari. A 1968 ya kaɗa wa Judy Collins a "Someday Soon", tare da James Burton a kan jita. Collins ba mawaƙiyar kantiri ba ce, muryarta garau take, siririya, kuma waƙar labarin budurwa ce da ke son saurayi mai wasan hawan doki wanda iyayenta ba sa so. A nan Emmons ya ajiye duk duhun "Night Life". Sautinsa ya yi haske, ya yi faɗi, yana tafiya a gefen muryarta ba ya taɓa ta. Dubban matasan da ba sa sauraron kantiri ta wannan waƙar suka fara jin jita mai feda. A 1971 kuma Ray Charles ya kira shi, ya kaɗa masa a "Wichita Lineman". Mutum ɗaya, jita ɗaya, amma ga Tubb, ga Price, ga Collins, ga Charles, kowanne ya sami abokin tafiya da ya dace da muryarsa.

Masu sauraro suna da 'yar muhawara a kansa, kuma ba ta banza ba ce. Wasu na cewa in ana maganar taɓa zuciya zalla, Jimmy Day ya fi shi, domin Day yana kaɗawa kamar ransa zai fita. Wasu na fifita Ralph Mooney, mai sauti mai tsalle da kaifi da ya yi aiki da Buck Owens da Merle Haggard da Waylon Jennings. Wasu kuma Lloyd Green, wanda shi ne ke bayan yawancin faya-fayan farko na Don Williams, mutumin da ba ya kaɗa sauti ɗaya da ba a buƙata. Har akwai masu cewa tsabtar Emmons ta yi yawa, ba ka jin gumi a ciki. Ban yarda da wannan na ƙarshe ba. Wanda ya saurari "Touch My Heart" ta Price ta 1966 ya ce bai ji ciwo a ciki ba, to bai saurara da kyau ba. Abin da na yarda da shi shi ne kowanne daga cikin waɗancan yana da unguwar da ya fi kowa sani. Emmons kuwa ya shiga kowace unguwa an karɓe shi, kuma da dama daga cikinsu a kan tsarin da ya shimfiɗa suke kaɗa nasu.

Ya dawo Nashbil a 1974, ya shiga wani zango na yin abin da ransa ke so. A faifansa na 1975 a kamfanin Flying Fish ya ɗauki sanannen kiɗan nan "Canon" na Pachelbel, Bajamushen ƙarni na 17, wanda aka rubuta don goge 3 da bes, ya kaɗa muryoyin da jitarsa yana ɗora su a kan juna. A 1978 ya yi faifan "Minors Aloud" da makaɗin jita Lenny Breau, kuma a daren ƙarshe na wannan shekarar aka naɗi wasan da Emmons ya yi da wani makaɗin jitar, Danny Gatton, a wani ƙaramin gidan kiɗa a Washintan. Wannan naɗin shi ne maganin masu cewa ba ya gumi: gwanaye biyu suna korar juna a guje, kowa na ƙoƙarin ƙure ɗan'uwansa, jama'a na ihu. A 1981 aka shigar da sunansa zauren girmama gwanayen wannan jita. Mutane suka san shi da baƙar hular nan mai zagaye da yake sawa, da kuma dariyar da ke ƙwace masa a tsakiyar kiɗa.

Jitar ta iso Najeriya ta wata ƙofar daban. King Sunny Adé ya shigar da ita cikin kiɗan juju, inda Demola Adepoju ya riƙa kaɗa ta a tsakanin kalangai da jitoci, kuma da faifan "Juju Music" ya fita duniya a 1982, wannan sautin na daga cikin abin da ya fi ɗaukar hankalin Turawa. Adepoju ne kuma ya kaɗa ta a waƙar "Graceland" ta Paul Simon a 1986. Salonsa ba na Nashbil ba ne, ya fi kusa da tsohon salon Hawayi, yana shawagi a saman ganguna. Jin su biyun a jere yana nuna faɗin abin da wannan akwati ke iya ɗauka.

Shekarun 1990 Emmons ya yi su yana yawon wasa da 'yan'uwan nan biyu, Everly Brothers, waɗanda muryoyinsu ke tafiya manne da juna, aikin da ke buƙatar makaɗin da ya san inda zai tsaya. Wajen 2001 ciwo ya kama babban yatsansa na dama da wuyan hannu, sakamakon maimaita motsi ɗaya na tsawon shekaru, ya tilasta masa ajiye kiɗa na wani lokaci. Ya dawo ya ci gaba da aikin situdiyo, har ya kaɗa a faifan "Last of the Breed" na 2007, inda Ray Price da Willie Nelson da Merle Haggard suka haɗu, shekara 44 bayan "Night Life". A ƙarshen wannan shekarar matarsa Peggy ta rasu, daga nan ya janye daga kiɗa.

A 2013 makaɗan da suka taso a bayansa, irin su Paul Franklin da Greg Leisz, suka haɗu da mawaƙa suka yi faifan karramawa mai suna "The Big E", laƙabin da ake kiransa da shi. A cikin waɗanda suka rera har da Little Jimmy Dickens, wanda ya ɗauko shi daga Ditiroyit, a lokacin ya haura shekara 90. Dickens ya rasu a watan Janairun 2015, Emmons ya bi shi a watan Yuli na wannan shekarar, yana da shekara 78.